Kiɗan jazz kyauta a coci: wa ke biyan makaɗi?

A mahaɗar titin Lexington da titi na 54 a birnin Niyok akwai wata cocin Lutheran mai suna Saint Peter's. A shekarar 1965 aka fara yin sujadar yamma a cikinta ranar Lahadi da ƙarfe biyar, masu busa ƙaho da makaɗan ganga da na piyano suna jan waƙoƙin da salon jazz, kuma ana nan ana yi har yau. Ba a sayar da tikiti a ƙofa. Akwai dalilin da ya sa aka zaɓi ƙarfe biyar. Makaɗin jazz yakan tashi daga aikin daren Asabar ne gab da asuba, ya isa gida gari na wayewa, saboda haka sujadar safe ba tasa ba ce. Sai aka matsar da lokacin ibada zuwa sa'ar da ya farka ya yi wanka ya ci abinci.

Abin da aka fara a can ya bazu. Yau a garuruwan Amurka da Kanada da wasu na Turai za ka ga takarda liƙe a ƙofar coci: kiɗan jazz, shiga kyauta, kowa ya zo. Wasu suna yin sa a cikin sujada, da karatun Zabura da gajeren wa'azi. Wasu kuma taron kiɗa ne zalla, a ranar da ba ta ibada ba. Mai kallo daga nesa zai ce dabarar cika kujeru ce kawai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Amma lamarin ya fi haka tsawon tarihi, kuma a ganina abin da ya kamata a auna shi da shi guda ne: yadda cocin ta ɗauki mutumin da ke riƙe da ƙahon.

Shekara ɗari da suka wuce, da wuya a sami faston da zai yarda a busa wannan kiɗa a gaban bagade. Jazz ya tsiro ne a New Orleans a farkon ƙarni na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi, ya girma a gidajen rawa da mashaya da unguwar Storyville, inda hukuma ta keɓe wa karuwai daga 1897 zuwa 1917. Wannan asali ya bi shi kamar inuwa. A 1921 wata babbar mujallar matan aure a Amurka ta buga maƙalar Anne Shaw Faulkner da ke zargin kiɗan da lalata tarbiyyar matasa, kuma daga mumbari da yawa an kira shi kiɗan Shaiɗan. Fastocin baƙar fata ma ba su sassauta masa ba, wasu har sun fi fararen tsanani. Ana iya fahimtar dalilinsu. Suna fafutukar kare mutuncin jama'ar da ƙasa ta raina, suna ganin duk abin da ke warin giya da rawar dare zai ba abokan gaba abin faɗa. Thomas Dorsey, ɗan fasto, wanda ya yi wa mawaƙiyar blues Ma Rainey kiɗan piyano kafin ya koma waƙoƙin bishara a farkon shekarun 1930, ya sha kora daga coci-coci saboda sautin da ya shigo da shi, alhali yau shi ake kira uban waƙar gospel.

Sai dai gabar ta 'yan gida ɗaya ce. A titin Perdido na New Orleans akwai wani zaure, Union Sons Hall, inda Buddy Bolden, wanda ake lissafawa cikin magabatan jazz, yake busa ƙaho a daren Asabar ana rawa har gari ya waye. Da safiyar Lahadi sai a share wurin, wata ikilisiyar Baptis ta shigo ta yi sujada. Makaɗan nan yawancinsu a coci suka fara jin kiɗa. Yadda mai wa'azi ke ɗauko magana jama'a su amsa, yadda murya ke lanƙwasa ta yi kamar kuka, yadda tafi ke faɗuwa a bayan bugu, duk sun bi su zuwa gidan rawa. Ko jana'izar New Orleans da aka sani, wadda ake raka gawa da waƙar ibada a hankali sannan a dawo da kiɗa mai zafi, ƙungiyoyin taimakon juna na talakawa ne suka raya ta, kuma 'yan ƙungiyar su ne dai masu zuwa coci. Bahaushe ba zai rasa gane wannan hali ba, don ya san makaɗin da ake nema ruwa a jallo ranar biki, a yi masa liƙi, amma idan ya zo neman aure a gidan sai a tuna cewa makaɗi ne.

Rayuwar makaɗin jazz a Niyok ta tsakiyar ƙarnin ba mai sauƙi ba ce. Daga 1940 zuwa 1967 duk mai aiki a wurin da ake sayar da giya sai ya riƙe katin izini daga 'yan sanda, kuma ana iya ƙwace katin saboda kamu ɗaya. Billie Holiday ta rasa nata a 1947. Thelonious Monk ya rasa nasa a 1951, ya yi shekara shida ba ya iya aiki a yawancin kulob-kulob na garin da yake zaune. Ga ƙwaya da ta yi wa sana'ar kaca-kaca, ga rashin inshorar lafiya, ga auren da aikin dare ke kashewa.

Cikin wannan duniya John Garcia Gensel ya shiga. An haife shi a Puerto Rico a 1917, ya tashi a jihar Pennsylvania, kuma a can ya ji ƙungiyar shahararren makaɗin jazz Duke Ellington a 1932 yana yaro, kiɗan ya kama shi. Da ya zo Niyok a matsayin fasto a shekarun 1950, bai fara da gayyatar makaɗa zuwa cocinsa ba. Shi ya je wurinsu. Yakan zauna a kulob da rigarsa ta limanci har tsakar dare, idan aka yi hutu makaɗa su zo teburinsa, wannan ya kawo maganar matarsa, wancan ta kuɗin haya, wani kuma ta ɗan'uwan da ke kwance a asibiti. Ya ɗaura musu aure, ya yi wa 'ya'yansu baftisma, ya ziyarce su a gadon jinya. A 1965 hukumar cocin Lutheran ta amince ya bar sauran ayyuka ya zama faston makaɗan jazz kacokan, kuma daga nan sujadar ƙarfe biyar ta fito. Ellington ya tsara wani kiɗa musamman dominsa, yana kwatanta shi da makiyayin da ke tsaron garken dare.

Wannan jeri na abubuwa shi na fi so mai karatu ya riƙe. Hidima ta riga kiɗa zuwa. Makaɗan sun yarda su busa a Saint Peter's ne saboda mutumin da ya gayyace su ya riga ya zauna da su a lokacin da ba wanda ke kallo. Shi ya sa da gwanin busa saksofon John Coltrane ya rasu a watan Yulin 1967, a cocin aka yi masa jana'iza, Albert Ayler da Ornette Coleman suka yi busa. Ta Monk ma a can aka yi a 1982. Piyanon Billy Strayhorn, abokin aikin Ellington na shekaru kusan talatin, cocin aka bar wa. Daga 1970 kuma suka fara wani taron shekara-shekara da ake kwana ana kiɗa, makaɗa suna karɓar juna har asuba.

Zamanin ma ya taimaka. Babban taron Vatican na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe wa Katolika ƙofar yin ibada da harsunan jama'a da kiɗansu, gwagwarmayar 'yancin baƙar fata kuma ta sa coci-cocin fararen fata da dama suka fara jin kunyar nisan da ke tsakaninsu da maƙwabtansu. A watan Mayun 1965 Vince Guaraldi ya kaɗa piyano a sujada a babbar cocin Grace da ke San Francisco. A 16 ga Satumba na wannan shekara Ellington ya gabatar da kiɗansa na ibada na farko a cocin, ya yi na biyu a babbar cocin Saint John the Divine a Niyok a 1968, na uku a Westminster Abbey a Landan a 1973. Mary Lou Williams, wadda ta shiga Katolika a 1957, ta ga an rera kiɗan ibadar da ta tsara a babbar cocin Saint Patrick a 1975.

Waɗannan manyan sunaye ne, kuma ba su ne ke bayyana yawan ƙananan tarukan yau ba. Abin da ke bayyana su buƙata ce ta ɓangarori biyu. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Gallup ta ce a 1999 kashi 70 cikin 100 na Amurkawa suna da rajista da wani wurin ibada, amma a 2020 adadin ya sauko zuwa kashi 47. Ikilisiya ta ragu, ginin bai ragu ba. Rufin da aka yi wa mutum ɗari biyar yana nan yana neman gyara, ana biyan kuɗin ɗumama shi da sanyi, ana biyan inshora, kuma kwana shida a mako a kulle yake. A ɗaya ɓangaren, jazz ya koma kiɗan 'yan tsiraru, kusan kashi 1 cikin 100 na abin da Amurkawa ke saya ko saurara. Kuɗin haya a manyan birane ya rufe kulob da yawa, waɗanda suka rage kuma sai ka biya kuɗin shiga, sannan a wajabta maka sayen abin sha. Coci na da ɗaki da kujeru da piyano, ba ta da mutane. Makaɗi na da sana'a, ba shi da ɗaki.

Akwai kuma mutanen da kulob bai taɓa yi musu ba ko da suna da kuɗin: tsohuwar da ba ta fita bayan magariba, iyayen da ke son ɗansu mai koyon ƙaho ya ga gwani da idonsa, wanda ya bar giya yana gudun warinta, da wanda addininsa ya hana shi zama inda ake sha. Cikin makaɗan kansu akwai masu wannan ra'ayi. Yusef Lateef, Musulmi, gwanin saksofon da sarewa, ya daina kiɗa a duk wurin da ake sayar da giya tun wajen 1980, don yana ganin kiɗan da aka sha wahala kafin a gina shi ya fi ƙarfin a yi shi kan hayaniyar mashaya. Shi ne ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike, har ya yi nazari kan sarewar Fulani. Mutum irinsa, ɗaki mai tsit inda jama'a suka zo don saurare shi yake nema, ko na waye ɗakin.

Misalin da ya fi burge ni yana Washinton, a unguwar kudu maso yammacin birnin. A shekarun 1950 gwamnati ta rushe kusan dukan unguwar da sunan sabunta gari, aka tashi fiye da mutum 20,000, yawancinsu baƙaƙen fata. Cocin Westminster Presbyterian tana tsakiyar wannan wuri mai tabo. A watan Janairun 1999 fastocinta, Brian da Ruth Hamilton, tare da Dick Smith, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka kuma mawaƙi, suka fara daren jazz duk Juma'a daga ƙarfe shida zuwa tara. Makaɗan garin ake kira, ba baƙi daga nesa ba. A ƙasan ginin ana soya kifi, mutum ya sauka lokacin hutu ya sayi farantinsa ya zauna teburi ɗaya da wanda bai sani ba. Ba a yi wa kowa wa'azi. Tsofaffin da suka san wuraren kiɗan titin U na birnin tun kafin a rufe su suna haɗuwa da matasan da suka tare unguwar jiya.

Abin lura shi ne daren Westminster ba kyauta ba ne. An yi shekaru ana karɓar dala biyar a ƙofa, daga baya kuɗin ya ɗan hau, yara kuma ba sa biya. Ban ga aibu a wannan ba ko kaɗan. Dala biyar ba ta hana talaka shiga, amma idan ɗakin ya cika tana haɗa abin da za a sallami mutanen da ke kan dandamali.

Nan ne kalmar kyauta ke buƙatar a tsaya a kanta, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Taron da mai sauraro bai biya ba, wani ya biya. Wani lokaci ikilisiya ce daga baikonta. Wani lokaci kwandon da ake zagayawa da shi ne, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Wani lokaci hukumar al'adu ta gari ko wata gidauniya ce. A Amurka da Kanada akwai ma asusu na musamman don wannan, Music Performance Trust Fund, wanda aka kafa a 1948 bayan yajin aikin da ƙungiyar makaɗa ta yi wa kamfanonin faifai. Kamfanonin ke zuba kuɗi a ciki, a biya makaɗa ladan da ƙungiyarsu ta ƙayyade, da sharaɗin jama'a su shiga ba tare da biyan ko sisi ba. Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to makaɗin ne ya biya, da man motarsa da kwanakin da ya yi yana gwaji da daren da zai iya samun aiki a wani wuri.

Doka ma tana da hannu a ciki ta hanyar da mutane da yawa ba su lura ba. Sashe na 110 na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ya yafe wa wuraren ibada biyan ladan waƙar da aka yi a cikin sujada. Idan taron kiɗa ne a wajen sujada, yafewar tana tsayawa ne kawai in ba don riba aka yi ba kuma ba a biya masu kiɗan ko masu shirya taron komai ba. Da zarar coci ta sa hannu a aljihu ta sallami makaɗa, sai ta nemi lasisi daga ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawallafa haƙƙinsu, irin su ASCAP da BMI. Wato tsarin da kansa yana sa rashin biya ya fi arha sau biyu. Kwamitin ƙaramar coci mai ƙarancin kuɗi zai iya faɗawa wannan rami da kyakkyawar niyya.

Masu adawa da abin daga cikin coci suna da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa wurin da aka keɓe wa Allah ba dandalin nishaɗi ba ne, kuma tafin da ake yi wa mai busa idan ya gama gwanintarsa yana karkatar da yabo daga inda ya dace. Wasu coci-cocin sun warware wannan ta hanyar raba abu biyu a fili: in sujada ce a kira ta sujada, in taron kiɗa ne a kira shi taron kiɗa, wani lokaci ma a yi shi a zauren ƙasa ko a farfajiya. Wannan rabuwa tana kare na waje shi ma. Bayahude ko Musulmi ko wanda ba ya bin kowane addini, idan ya ga an rubuta kiɗa ya shigo, bai kamata ya tarar an rufe ƙofa an juya zuwa kiran tuba ba. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai faɗa wa goma. Dangane da cika kujerun Lahadi kuwa, cocin da ta shiga harkar da wannan lissafi tana iya gajiya da wuri, don mai zuwa jin ƙaho ranar Juma'a bai yi alkawarin komai ba.

Akwai wata matsalar da ba ta tauhidi ba ce, ta dutse ce. An gina manyan coci-coci don muryar mawaƙa da sautin ogan, masu son amsa-kuwwa mai tsawo. A Saint John the Divine sauti kan yi kusan daƙiƙa 8 yana yawo kafin ya mutu. Jazz kuwa kiɗan bugu ne da amsa nan take, idan mai ganga ya sake hannu a irin wannan ɗaki, bugun farko na dawowa daga bango ya haɗu da na huɗu, komai ya cakuɗe. Gogaggen makaɗi yakan ajiye sanduna ya ɗauki burushin waya yana shafa fatar gangar, mai ƙaho ya rage gudu ya bar tazara tsakanin jimloli, a shimfiɗa darduma a ƙarƙashin kayan. Shi ya sa jazz ɗin coci yakan fi taushi, kuma wasu masoyan kiɗan na ƙorafin an cire masa haƙora. Ƙaramar coci mai rufin katako ta fi babbar katidiral daɗin wannan aiki nesa ba kusa ba.

Batun launin fata ma bai gushe ba. Sau da yawa ikilisiyoyin da ke da sararin ba da ɗaki kyauta su ne tsofaffin coci-cocin tsakiyar gari masu kadara. Saint Peter's kanta ta sayar da filinta ga wani babban banki a farkon shekarun 1970 kan dala miliyan 9, da sharaɗin a gina mata sabuwar coci a gindin dogon benen da aka buɗe a 1977. A San Francisco kuwa akwai ƙaramar cocin da Franzo King da matarsa Marina suka kafa bayan sun ji Coltrane yana busa a 1965, cocin da kiɗan nasa shi ne ginshiƙin ibadarta, aka kuma san ta da ciyar da mayunwata. Ita ba ta da fili. Tsadar haya ta tashe ta daga titin Divisadero a 2000, ta sake tashinta a 2016 daga Fillmore, unguwar da a da ita ce cibiyar jazz ta baƙaƙen garin, har sai da ta raɓa a ginin wata cocin. Waɗanda kiɗan ya fito daga gidajen kakanninsu su ne suka fi wahalar samun inda za su ajiye ganga.

Saboda haka nake ganin cocin da Allah ya hore wa gini, idan ta buɗe ƙofa ga jazz, ba alfarma take yi ba, wani tsohon bashi take ragewa, kuma ba a rage bashi da aikin wani. A 1989 aka kafa gidauniyar Jazz Foundation of America a Niyok, babban aikinta shi ne biya wa tsofaffin makaɗa kuɗin haya da nema musu magani, mutanen da suka yi shekara arba'in ko hamsin suna faranta wa jama'a rai ba su tara komai ba. Kowane daren da aka ce wa makaɗi ya zo ya yi don lada, ko don a san shi, yana ƙara matsar da shi zuwa layin wannan gidauniya. Wanda ya ga dama ya sadaukar da kiɗansa ga cocinsa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba mai hana shi. Amma kwamitin da ke shirya taro yana biyan kamfanin wuta, yana biyan mai inshora, yana kiran mai gyaran piyano ya daidaita tsirkiya kafin ranar, kuma ba wanda ke ce wa ko ɗaya daga cikinsu ya yi don Allah. Ladan mutum huɗu ko biyar da za su hau dandamali ya kamata ya shiga takardar kasafin nan tun ranar da aka fara rubuta ta, kafin a buga sanarwar da ke cewa shiga kyauta.